Yawan megafiksel ba shi ne kyan hoto ba

An daɗe ana cewa duk kyamarar DSLR (irin wadda ake canja wa gilashin gaba) da ta fi yawan megafiksel ita ta fi fitar da hoto mai kyau. Ba abin mamaki ba ne a yarda da haka, tunda lambar ce ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali.

Megafiksel ƙidayar ɗigon hoto ce kawai. Megafiksel 9 ma sun isa a buga hoto tangaran a takardar A4. Abin da ya fi tasiri shi ne girman sensa (ɓangaren da ke karɓar haske a cikin kyamara) da kuma irin gilashin da aka ɗaura a gaba. Gilashin 18-55mm da yakan zo da kyamara, in an zuƙo shi ƙarshe, ƙofar shigar haskensa f/5.6 ce; ƙaramar lamba na nufin ƙofa mai faɗi. Ɗan gilashin 50mm f/1.8 kuwa yana shigar da haske kusan ninki 10 na wancan. A ganina, mai farawa ya rage kuɗin kyamara ya ƙara da wannan gilashin.

Ku gwada da kanku: kyamara ɗaya, gilashi biyu, ku ɗauki hoton fuskar mutum cikin ɗaki da magariba, ba filasha. Ku buɗe hotunan a kwamfuta, ku faɗaɗa su, ku dubi gashin ido.

Don Allah ku tura wa duk mai shirin sayen kyamararsa ta farko.