Su da dare laifi ne? Ga abin da doka ta hana da wanda ba ta hana ba

Jama'a akwai wata magana da take yawo a bakin mutane a nan Zariya, wai duk wanda aka gani a bakin ruwa da dare da koma ko fatsa to ya taka doka, har wasu ma suna cewa ana iya kai shi kotu a kan haka kawai. Wannan magana tana damuna saboda masunta talakawa ne ake tsoratawa da ita, alhali shi mai laifin na gaske yana can yana ɓarnarsa ba wanda ya kula shi.

Toh bari mu fara daga tushe. Babbar dokar tarayya a kan kamun kifi a koguna da tafkuna da dam-dam ita ce wadda aka yi a 1992 zamanin soja, dikiri mai lamba 108. Wannan dokar ba ta ce a daina su idan rana ta faɗi ba, ba ta yanka wa masunci lokacin shiga ruwa da na fita ba. Kuma tsarin mulkin 1999 a sashe na 36 ya faɗa ƙarara cewa ba a hukunta mutum a kan wani laifi sai in akwai rubutacciyar doka da ta ambaci laifin ta kuma faɗi hukuncinsa. Kenan wanda ya tare ka ya ce su da dare laifi ne, kana da damar ka tambaye shi cikin ladabi, ranka ya daɗe wace doka ce ta faɗa, ko wace sanarwa ce aka fitar a kan wannan ruwan.

In ma za a duba, ai rabin sana'ar da dare take. Mai kalli, wato ragar da kifi ke maƙalewa a idonta, da yamma yake shimfiɗa shi a ruwa ya kwana, da asuba ya je ya ɗaga. Mai mamari haka, ya ɗaura ƙugiyoyinsa ya bar su su kwana. Tarwaɗa kuwa kowa ya san da dare ta fi fitowa kiwo, da gashin bakinta take laluben abinci ba ruwanta da haske, ga shi kifin da aka fitar da sanyin asuba yana isa kasuwar Sabon Gari da ɗanyensa kafin rana ta taɓa shi, wanda ba shi da firji ko ƙanƙara wannan sanyin shi ne jarinsa. Duk wanda ya ce a hana su da dare gaba ɗaya to sana'ar ya ce a rufe.

Abin da dokar ta sa wa ido shi ne da me ka kama kifin, a ina, kuma a wane lokaci na shekara.

Na farko kuma mafi muni, guba da abin fashewa da lantarki. Waɗannan ukun dokar ta hana su, dare ko rana duk ɗaya ne. Kuma a nan ne dare ya samu baƙin jininsa, don mai zuba Gamalin a ruwa ba ya zuwa da tsakar rana mutane na kallo, sai sawu ya ɗauke yake lallaɓowa ya tsiyaya a saman gurbi ya koma gefe, kafin gari ya waye kifi ya taso ciki sama ya kwashe manyan ya bar sauran suna ruɓewa. Gamalin ɗin nan maganin ƙwari ne na gona, sinadarin da ke cikinsa yana taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, tun 2009 aka sa shi cikin jerin sinadaran da ƙasashen duniya suka amince a daina yi da amfani da su. Baya zaɓe, babba da ƙarami da ƙwai da kwaɗi duk kashewa yake, sannan kifin a kawo shi kasuwa a soya a sayar wa yara a bakin makaranta. Ku tuna fa ruwan Galma da Shika shi ake tacewa a turo mana a famfo, dam ɗin Kubanni na Samaru shi jami'ar Ahmadu Bello take sha, makiyayi yana shayar da shanunsa a nan, mai lambu yana ban ruwan tumatir da shi. Wallahi wanda ya zuba guba a irin wannan ruwan ba kifi kaɗai ya cuta ba. Haka masu dakan magimfa su zuba, kada wani ya ce ai ganye ne na gargajiya, in dai abu ne mai sa kifi ya bugu ya mutu to guba ce a idon doka. Sai kuma sabon salon nan na ɗaukar batir ko ƙaramin janareto a jona waya a tsoma a ruwa, shi ma ya shiga ciki, banda ma haɗarin da mai yin yake jefa kansa, mutum yana tsaye cikin ruwa cikin duhu da wayar wuta a hannu.

Hukuncin da dokar ta yanka wa waɗannan ukun shi ne tarar naira 3,000 ko ɗaurin shekara 2 ko duka biyun. A 1992 naira 3,000 kuɗi ne masu nauyi, yau kuwa tarwaɗa ɗaya babba ta fi haka, shi ya sa ni a ganina lokaci ya yi da 'yan majalisar jiha za su zauna su ɗaga tarar nan. Kuma suna da hurumi, don tsarin mulki ya cire kamun kifi na koguna da tafkunan cikin gida daga jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, wato jiha tana da ta cewa sosai a kan ruwanta.

Na biyu idon koma. Dokar ta ce kada a yi su da raga da idonta bai kai milimita 76 ba, wajen inci 3 kenan, sai dai wasu ragogi na musamman na kamun ƙananan kifin nan da ba sa girma irin na tafkin Kainji. Dalilin a fili yake, a bar ƙanana su zille su girma su yi ƙwai. Yanzu ka duba masu jan gidan sauro a bakin rafi, abin da aka raba don kare yara daga zazzaɓi, su kwashe 'ya'yan karfasa da ba su kai yatsa ba. Wannan ya saɓa doka ko da ƙarfe 12 na rana aka yi shi.

Na uku rufe ruwa. Kwamishinan jiha mai kula da harkar kifi yana da ikon ya ce an rufe wuri kaza ko an rufe kamun kifi na lokaci kaza, in ruwan ya ratsa jiha fiye da ɗaya kuma minista ne zai yi. In an yi irin wannan sanarwar to shiga ruwan laifi ne, kuma nan ma masu satar shiga da dare suke yi. Mu ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tun kafin dikiri Sarkin Ruwa yana rufe gurbi ya ce ba mai taɓawa sai ranar da aka buɗe, kogin Matan Fada a Argungu ma haka ake tsare shi sai ranar biki. Umarnin Sarkin Ruwa ba shi ne dokar da alƙali zai ɗaure ka da ita ba, amma masuncin da ya raina shi ba zai ji daɗin zama da 'yan uwansa ba, kuma ranar da rigima ta tashi shi ne zai tsaya maka ko ya ƙi.

Jirgi mai inji yana buƙatar lasisi, wannan ma yana cikin dokar.

Sai inda mutane suka fi ruɗewa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA mai hedikwata a Lakwaja, ta hana zirga-zirgar jiragen ruwa da dare ta kuma wajabta sa rigar kariya, saboda irin asarar rayukan da ake yi, kamar na Patigi a jihar Kwara a watan Yunin 2023 inda sama da mutum 100 'yan biki suka rasu cikin dare. Mutane sun ji wannan a rediyo sai suka ɗauka an hana kamun kifi ne. Maganar ta sufuri ce, ta ɗaukar fasinja da kaya a kan ruwa, ba ta shafi mai fatsa a bakin gaɓa ko wanda kallinsa ya kwana a ruwa ba. Amma dai in kwalekwale za ka tura cikin duhu, musamman da damina Galma ta cika tana ja, ka sa rigar, ka riƙe tocilan mai kyau, kada ka tafi kai kaɗai.

Akwai kuma abubuwan da za su iya jawo maka kamu da dare waɗanda ba su da alaƙa da dokar kifi ko kaɗan. Kududdufin kiwon kifi na wani, in ka jefa birgi, wato ragar jifa, a ciki ba da izininsa ba sata ce tsagwaronta. Dam ɗin da ke cikin harabar wata hukuma ko makaranta, masu wurin suna da ikon hana shiga ko su sa lokaci, ka tsallaka shinge an kama ka da laifin kutse. In gwamnati ta sa dokar hana fita kamar yadda aka yi a Kaduna da Zariya a watan Agustan 2024, to ta hau kan masunci kamar kowa. Sannan ga halin tsaro da muke ciki, 'yan sintiri in sun hango haske yana motsi a bakin ruwa ƙarfe 2 na dare ba kifi ne zai fara zuwa musu a rai ba, don haka masunci ya sanar da mai unguwa da shugaban 'yan sintirin yankin cewa ga inda yake kwana, ya riƙe katin shaidarsa, in akwai ƙungiyar masunta ya yi rajista da ita. Ku kuma 'yan sintiri don Allah in kun samu mutum da kallinsa mai faɗin ido da gorarsa ku ƙyale shi ya nemi abincin iyalinsa, wanda kuka samu da galan ɗin magani ko batir da waya shi za ku miƙa wa 'yan sanda, kuma ku kai rahoto sashen kula da kifi na ma'aikatar gona.