Kwaikwayon Yaƙin Gettysburg

Kwaikwayon yaƙin Gettysburg taro ne da masu sha'awar tarihi ke yi a farkon watan Yuli kusa da garin Gettysburg na jihar Pensilbaniya a Amurka, don tunawa da gumurzun da aka gwabza a can daga 1 zuwa 3 ga Yuli, 1863, lokacin yaƙin basasar ƙasar. Mahalarta kan sa kayan sojan zamanin, su kafa sansani, su sake buga yaƙin a gaban 'yan kallo da albarushi ba harsashi.

Yaƙin da ake tunawa

Rundunar Arewa ƙarƙashin Janar George Meade ce ta tare rundunar 'yan awaren Kudu ta Janar Robert Lee, wadda ta kutso Pensilbaniya. A rana ta uku Lee ya tura dakaru kimanin 12,500 su ratsa buɗaɗɗen fili su afka wa tsakiyar sahun Arewa. Wannan shi ne farmakin Pickett, mai sunan Janar George Pickett, ɗaya daga cikin waɗanda suka jagorance shi, kuma kusan rabinsu ba su dawo lafiya ba. Waɗanda aka kashe, ko aka jikkata, ko aka kama, ko suka ɓace a kwana ukun, ana ƙiyasta su tsakanin 46,000 da 51,000. A wannan garin ne Shugaba Abraham Lincoln ya yi shahararren jawabinsa ranar 19 ga Nuwamba na shekarar.

Zamanin 'yan mazan jiya

Waɗanda suka fara maimaita yaƙin su ne waɗanda suka yi shi. A 1913, da aka cika shekara 50, 'yan mazan jiya fiye da 50,000 daga ɓangarorin biyu suka hallara, aka kafa musu garin tantuna a filin dagar. Yawancinsu sun haura saba'in, ga zafin bazara, har tara daga cikinsu suka rasu a sansanin. Ranar 3 ga Yuli ragowar mutanen Pickett suka tako filin da ƙafa, wasu suna dogara sanda, suka nufi katangar dutsen da aka tsayar da su a da. Ragowar dakarun Arewa da suka tsare katangar suna jira a bayanta. Ba a harba ko ɗaya ba, musabaha aka yi ta kan katanga, kuma hotunan wannan musabaha suna cikin waɗanda aka fi yaɗawa game da taron. Washegari Shugaba Woodrow Wilson, haifaffen jihar Birjiniya da ke Kudu, ya yi jawabi kan sulhu da haɗin kan ƙasa, bai kawo zancen bautar da baƙaƙen fata ba, alhali ita ce tushen rikicin.

A 1922 sojojin kundunbala na ruwa, kimanin 5,000, suka tako daga barikinsu na Quantico ƙarƙashin Janar Smedley Butler. Sun yi farmakin Pickett yadda aka yi shi a 1863, Shugaba Warren Harding yana kallo, sannan suka sake yin sa da tankoki da jiragen sama. Atisaye ne na soja, amma ya nuna cewa jama'a za su yi tururuwa don kallon irin wannan.

Taron ƙarshe na 'yan mazan jiya shi ne na 1938. Kimanin 1,800 ne suka samu zuwa, akasari sun wuce shekara casa'in. Shugaba Franklin Roosevelt ya ƙaddamar da hasumiyar zaman lafiya mai wuta a samanta. Sojan Arewa na ƙarshe, Albert Woolson, ya rasu a 1956.

Bayan shaidun gani da ido

Sha'anin ya koma hannun fararen hula a shagulgulan cika shekara ɗari da yaƙin basasar. A Yulin 1961 aka yi kwaikwayon yaƙin Manassas, wani gumurzu na yaƙin basasar, a ainihin filinsa, ya sha suka: wasu na ganin an mai da wurin da mutane suka mutu dandalin wasa, ga kuma raunuka da ɓarnar fili. Daga nan hukumar gandayen tarihi ta tarayya ta daina yarda a yi arangamar kwaikwayo a filayen da ke hannunta. Shi ya sa har yau ba a ainihin filin dagar Gettysburg ake yin wasan ba, sai a gonakin mutane da ke kewaye.

Harkar ta bunƙasa daga wajajen 1988. Taron 1998, na cika shekara 135, shi ake ɗauka mafi girma, ko da yake alƙaluma sun saɓa. Ana cewa mahalarta sun kai 15,000, wasu na cewa sun zarce 20,000. A 2013 ƙungiyoyi biyu suka shirya taro daban-daban, mako guda a tsakani.

Yadda ake yi

Kowa da kuɗinsa yake sayen kayansa: riga da wandon ulu, shuɗi ga Arewa, ruwan toka ga Kudu, da bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki, 'yar uwar bindigar toka. Akwai igogi da mahaya dawaki. Ana duba makamai kafin a fita, ba a ɗora banati, ba a zare sandar ɗuri a fagen wasa, kuma sama ake saita bakin bindiga idan an kusanci juna. Duk da haka a 1998 wani ya samu rauni a wuya daga harsashin da ya rage cikin wata ƙaramar bindiga. Wanda zai faɗi a matsayin gawa, wani lokaci ƙuri'a ce ke fitar da shi, wani lokaci ƙarewar albarushinsa, ko gajiya kawai. Masu kallo sun daɗe suna tsokanar cewa ba a cika mutuwa a farkon wasa ba, tunda babu mai son ya yi doguwar tafiya don ya kwanta a rana.

Ɓangaren nuna rayuwar wancan zamani ba ya buƙatar harbe-harbe. Ana dafa abinci a murhu, ana nuna aikin likitan soja, ɗinki, ƙira da fareti, ana amsa tambayoyin baƙi. Irin wannan hukumar gandayen tana yarda da shi a cikin filin tarihin. Masu tsanantawa kan auna har ɗinkin riga da maɓallanta, suna kwana ba tanti.

Taƙaddama

Masu suka na cewa wasan yana ƙawata yaƙi, yana kuma rufe batun bauta. Rundunar Lee ta zo da dubban bayi masu yi mata hidima, ta kuma kama baƙaƙen fata a Pensilbaniya ta tasa ƙeyarsu Kudu, abin da ba kasafai ake nunawa ba. Mahalarta na cewa ilimantarwa suke yi da girmama matattu. Muhawara kan tutar 'yan aware ta tsananta bayan rikicin wariyar launin fata na garin Charlottesville a 2017, har aka soke wasu taruka a wasu garuruwa. Yawan mahalarta ya ragu idan aka kwatanta da na 1998, kuma akasarinsu yanzu sun girmi sojojin da suke kwaikwayo nesa ba kusa ba.