Taswirar Rumbun Bayanai da Alaƙar Tebura

Taswirar rumbun bayanai zane ne da ke nuna teburan da ke cikin rumbu, wato jadawalan da kwamfuta ke ajiye bayanai a cikinsu, da yadda suke haɗe da juna. Akan zana kowane tebur kamar akwati, a ja layi tsakaninsa da ɗan'uwansa. Edgar Codd na kamfanin IBM ne ya kawo tsarin tebura masu alaƙa a 1970, sai Peter Chen ya fito da salon zana dangantakarsu a 1976. A wani salon da ya yaɗu, bakin layin yakan rabu uku kamar ƙafar hankaka, alamar cewa abu ɗaya yana haɗe da masu yawa.

Layin da ke kan zane ba shi ne alaƙar ba, kuma a nan masu koyo da yawa ke tuntuɓe. Ainihin alaƙar tana cikin rumbun, a abin da ake kira baƙon mabuɗi, wato lambar shaidar wani abu na tebur ɗaya da aka ajiye a cikin wani tebur, tare da doka cewa dole lambar ta kasance tana nan a gidanta na asali.

A ɗauki dillalin albasa a Sakkwato mai tebura biyu: na masu saye da na buhunan da aka ɗauka bashi. Kowane bashi yana ɗauke da lambar mai shi. In an kafa dokar, rumbun ba zai karɓi bashin buhu goma da sunan lamba 42 ba alhali babu mai wannan lamba, kuma yana iya hana a share mutum da bashi a kansa. In ko a takarda kaɗai aka ja layin, za a share shi salin-alin, bashin ya zama maraya, a rasa wa za a bi.

Manhajojin sarrafa rumbun bayanai sun sha bamban kan wannan doka. A SQL Server, jan layi a taswira a adana yakan kafa dokar nan take. A MySQL, injin ajiyar bayanai na MyISAM ba ya aiki da ita, na InnoDB yana yi. SQLite ya san ta tun 2009, amma galibi a kashe take sai an kunna.

Akwai kuma alaƙar da layi ɗaya ke ɓoyewa. Ɗalibi yana ɗaukar kwasa-kwasai da yawa, kowane kwas yana da ɗalibai da yawa. A zanen farko layi guda ya wadatar, amma a rumbu sai an gina tebur na uku, na rajista, mai riƙe da lambar ɗalibi da ta kwas.