Madobiya da dokar fitar da ita ƙasashen waje

Duk wanda ya bi hanyar Bali a jihar Taraba wajen shekarar 2015 ya ga manyan motoci shaƙe da gumagumai masu jan ciki. 'Yan katako "Madrid" suke ce musu, mu kuwa madobiya muka sani: bishiyar da ke kaɗe ganye da hunturu ta yi fure ruwan ɗorawa, in an sare ta ta zubo da ruwa ja kamar jini, in ciyawa ta ƙare makiyayi ya hau ya sassabo wa shanu ganyenta. Ƙasar Sin ake kai ta, a yi wa masu hannu da shuni kujeru da gadaje.

Wannan wawaso ne ya sa taron CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran daji, da aka yi a Johannesburg a 2016 ya sanya madobiya a jeri na biyu na abubuwan da yarjejeniyar ke karewa, matakin ya fara aiki a Janairun 2017. A nan ne mutane ke kuskure. Jeri na biyu ba haramci ba ne. Cewa ya yi gungume ba zai ƙetare iyaka ba sai da takardar izini, kuma hukuma ba ta da ikon sa hannu sai ta tabbatar da abu biyu: an sare itacen bisa dokar ƙasa, sannan masana sun nuna cewa yawan da za a fitar ba zai karya irin bishiyar a daji ba. Sharaɗi na biyun ne mai wuya, don sai an shiga daji an ƙidaya, an san nawa ke tsirowa a madadin wanda aka kayar.

Nijeriya ta kasa kawo wannan hujja, sai a 2018 aka nemi sauran ƙasashe su daina karɓar madobiya daga gare ta. A 2022 takunkumin ya shafi wasu ƙasashen, ciki har da Kamaru, Chadi da Mali.

Abin da ke damuna shi ne, yarjejeniyar a tashar jiragen ruwa da bakin iyaka take aiki. Mai injin zarto a tsakiyar daji, da mai ƙona gawayi, dokar gandun daji ta jiha ce ke hawa kansu, ita ke cewa a nemi izini kafin a kayar. In malamin daji ɗaya ne ke lura da dajin da ba a zagaye shi a yini, madobiya ta riga ta faɗi tun kafin a zo maganar takarda a Legas.