Yadda Ake Gano Iya Bidiyon Da Ya Sauka Ta Hanyar JavaScript

Me ake nufi da cewa wani ɓangare na bidiyo ya sauka?

Burauza ba ta jira bidiyo ya sauka gaba ɗaya kafin ta fara nuna shi, sai dai ta riƙa ɗibarsa kaɗan-kaɗan tana tanadi a gaban inda mai kallo yake. Wannan tanadin shi ne layin nan mai launin toka da ake gani a sandar ƙasan bidiyo, kuma da zarar ya ƙare sai hoto ya tsaya cak, da'ira ta kama juyawa.

Ta yaya ake karanta shi?

Kowane bidiyo na HTML5 yana da sifa mai suna `buffered`, wadda ba lamba ɗaya take bayarwa ba, jerin zanguna ne na lokaci. `length` yana faɗin yawan zangunan, `start(i)` da `end(i)` kuwa suna ba da farko da ƙarshen kowane zango a sakan.

Me ya kawo zango fiye da ɗaya?

Tsallaken mai kallo ne. A ce bidiyo mai sakan 600 ya sauka daga 0 zuwa 45, sai mutum ya ja shi zuwa tsakiya, burauza ta ɗebo daga 300 zuwa 330. Wanda ya raba ƙarshen zango na biyu da tsawon bidiyon zai ce kashi 55 cikin ɗari ya sauka, alhali sakan 75 ne kacal a hannu, wato kashi 12.5. Wannan kuskure yana damuna, domin mai kallon da ke lallaɓa datarsa a kan sabis mai rauni shi ake ruɗa da sandar da ba ta faɗin gaskiya. Abin da ya fi amfani a wurinsa shi ne a nemo zangon da `currentTime` (sakan ɗin da mai kallo yake kai a yanzu) ya faɗa ciki, a cire `currentTime` ɗin daga ƙarshen zangon. Idan yana kan sakan 318, saura masa sakan 12 kafin hoto ya tsaya.

Yaushe ya kamata a duba?

A saurari `progress`, saƙon da burauza ke aikowa kusan duk milisakan 350 muddin tana saukewa. Kafin a kira `end(0)` a tabbatar `length` ya wuce sifili, in ba haka ba za a gamu da saƙon kuskure na `IndexSizeError`. Haka kuma `duration`, wato tsawon bidiyon, yana zama `NaN` (ba lamba ba) har sai `loadedmetadata`, saƙon da ke nuna bayanan bidiyon sun sauka, ya iso, a shirin kai tsaye kuwa `Infinity` (mara iyaka) yake bayarwa, don haka lissafin kashi ba ya yiwuwa a can.