Makamashin motsi

Makamashin motsi, a ilimin fiziks, shi ne makamashin da abu yake ɗauke da shi saboda yana tafiya. Abin da ke tsaye cik ba shi da shi ko kaɗan. Abubuwa biyu ne ke ƙayyade yawansa: nauyin abin da kuma gudunsa. Ana auna shi da jul, ma'aunin da aka raɗa wa sunan James Prescott Joule (1818–1889), ɗan Ingila.

Tarihi

A shekarar 1686 Gottfried Leibniz, Bajamushe, ya ce ƙarfin abu mai motsi yana bin nauyinsa ne sau gudunsa sau gudunsa. Mabiya Descartes da Newton suka ƙi, suka tsaya kan nauyi sau gudu kawai. An daɗe ana jayayya kafin a gane cewa kowane ɓangare abu daban yake aunawa.

Gwaji ne ya ƙarfafa Leibniz. Wajajen 1722 Willem 's Gravesande na ƙasar Holan ya riƙa sakin ƙwallayen tagulla daga sama suna faɗawa kan yumɓu mai laushi, yana auna ramin da suka bari. Ƙwallon da ya iso da gudu ninki biyu sai ya yi rami kusan ninki huɗu. Mai ninki uku, ninki tara. Émilie du Châtelet, Bafaranshiya, ta fayyace wannan sakamako a rubuce-rubucenta na 1740. Rabin (½) da ke cikin ƙa'idar lissafin yau, wato ½mv², Gaspard Coriolis ne ya daidaita shi a 1829. Sunan da ake amfani da shi yanzu a Turance, wato kinetic energy, akan jingina shi ga William Thomson, a tsakiyar ƙarni na 19.

Yadda ake lissafawa

Ƙa'idar ita ce ½mv², inda m yake nufin nauyi da kilogiram, v kuma gudu da mita a sakan ɗaya.

A ɗauki ɗan kabu-kabu a cikin garin Sakkwato, shi da babur ɗinsa kilo 150, yana gudun mita 10 a sakan, wato kilomita 36 a awa. Sai a ce ½ × 150 × 10 × 10, ya ba da jul 7,500. In ya hau hanyar Gusau ya ninka gudun zuwa mita 20, amsar ta zama jul 30,000. Gudu ninki biyu, makamashi ninki huɗu. Shi ya sa in ya taka burki, nisan da zai ci kafin ya tsaya shi ma kusan ninki huɗu ne, makamashin kuma ya koma zafi a burki da taya. Nauyi ba ya yin haka: in ya ɗauki kayan da suka ninka nauyin, makamashin ninki biyu kawai zai yi.

Wani kuskure da ɗaliban sakandare kan yi shi ne saka kilomita a awa kai tsaye. Sai an raba da 3.6 tukuna.

Iyakarsa

Ƙa'idar ba ta aiki ga abin da gudunsa ya kusanci na haske. Can sai lissafin Einstein.