Waiwaye: Yadda kasuwa ta tara mutanen Lokoja

Duk lokacin da aka tayar da zancen "garin wa ne Lokoja", sai ka ji kowa ya jawo kakansa. Oworo su nuna Dutsen Patti, Nufawa su ambaci Bida, Igala su ce ai ƙasar Attah ce tun fil'azal. Gardamar ba yau ta fara ba.

An san labarin gonar da Turawan Ingila suka buɗe a mahaɗar Kwara da Binuwai, wato inda Lokoja take, a 1841, zazzaɓi ya kore su. An san kuma a nan Gwamna Lugga ya ɗaga tutar Ingila ranar 1 ga Janairu, 1900. Abin da ake tsallakewa yana tsakani.

Wajen 1860 wani likita Bature mai suna Baikie, wanda jirginsa ya fashe kusa da Jebba a 1857, ya sauka a gindin Dutsen Patti. Ba shi da rundunar da za ta tsare shi. A inuwar Etsu Nupe Masaba ya zauna. Kasuwa ya buɗe. Da safe ya duba marasa lafiya, an jima ya raba gardamar bashi, da dare ya zauna rubutu, har da fassara zuwa Hausa, don ita ce harshen ciniki a bakin ruwan. Bayin da aka fansa suka kafa bukkoki. Mutanen ƙabilar Kakanda suka riƙa kawo kaya a manyan kwale-kwalensu, fatake na sauke hauren giwa da man kaɗanya su ɗauki gishiri da yadi, ana ƙirga wuri. A lokacin ma Gbebe, da ke tsallaken kogi, ta fi Lokoja cika. Da rikicin sarauta ya hargitsa Gbebe, mutanenta suka haye ruwa da iyalansu, kuma ba wanda ya tare su a mashigi yana tambayar asali. Wanda ya samu fili ya kafa rumfa, shi ke nan ya zama ɗan gari.

Baikie ya tafi a 1864, ya rasu a Saliyo kafin ya kai gida. Mutanen da kasuwarsa ta tara ba su watse ba, jikokinsu ne yau ake tambaya takardar shaidar asali. Sarautar garin kuwa, har bayan ya zama babban birnin Jihar Kogi a 1991, da sunan Hausa ake kiranta: Maigari.